Kaza a kan dami: 'Ya'yan Hausawan Apapa da Agege da ƙofar jami'ar da ba a nuna musu ba

Duk wanda ya san Legas ya san unguwar Hausawa ta Idi-Araba da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas maƙwabtan juna ne. A harabar wannan asibiti Kwalejin Koyon Aikin Likita ta jami'ar take, inda ake yaye likitoci tun shekarun 1960. Haka ma kasuwar Alaba Rago ba ta da wani nisa da ƙofar Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo. Apapa kuwa, inda dubban 'yan Arewa ke neman abinci da tuƙin tirela da tanka, da dako, da gadi, da canjin kuɗi, ita ce babbar ƙofar da kayan ƙasar nan ke shigowa ta ruwa. Ofishin Kwastam na Apapa shi kaɗai ya tara wa gwamnatin tarayya sama da naira tiriliyan biyu a 2024.

Yaron da aka haifa a ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni yana wuce katangar jami'a ko ƙofar tashar jiragen ruwa safe da yamma. Ya san sunayen kamfanonin da ke rubuce a jikin kwantena, ya san lokacin da hanya ke cushewa, ya san wanda ake gani idan mota ta maƙale. Abin da bai sani ba shi ne wane karatu mutumin da ke zaune a ofishin sama ya yi, da wane darasi ya fara, kuma a wane aji ya yanke shawara. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan hali suna: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. Jami'o'i da kwalejojin gwamnati da ke Legas, musamman na tarayya, su riƙa buɗe ƙofofinsu ga ɗaliban sakandare da iyayensu domin a nuna musu fannonin karatu da sharuɗɗansu, a yi hakan tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a tabbata gayyatar ta isa Apapa da Agege da Idi-Araba da Mile 12 da harshen da uban yaron ke ji. Na kawo maganar a wannan shafi ne saboda da yawa cikin masu karanta shi su ne ke rubuta takardun da ministoci da shugabannin hukumomi ke sa wa hannu.

Mu fara da batun lokaci, domin a nan ne aka fi yin asara. Abin da jami'o'inmu suka saba kira makon wayar da kai ana yin sa ne ga wanda ya riga ya samu gurbi, ya biya kuɗi, ya zo da akwatinsa. Ana nuna masa ɗakin karatu da asibiti, a gargaɗe shi a kan ƙungiyoyin asiri da satar jarrabawa. Wannan yana da amfani, amma ga wanda ya riga ya tsallake. Ainihin mararrabar tana baya da shekara uku ko huɗu, a ranar da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ya gama ƙaramar sakandare aka raba shi zuwa ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Daga wannan rana an rufe masa wasu ƙofofi ba tare da an faɗa masa ba. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kuma fannin da kake nema ne ke yanke su. Mai son likitanci sai da ilimin halittu da na sinadarai da fiziks. Mai son injiniyanci sai da lissafi da fiziks da sinadarai. Mai son aikin lauya sai da adabin Turanci. Yaron da ya bi abokinsa ajin kasuwanci saboda an ce fiziks na da wuya, in ya kai aji shida ya ga yana son zama injiniyan jirgin ruwa, babu wani taron wayar da kai da zai dawo masa da shekara ukun da suka wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A gidan ma'aikacin gwamnati wannan mararraba ba ta wucewa a ɓoye. Uba ya yi jami'a, uwa ta yi, akwai kawu malamin makaranta, akwai maƙwabci da za a buga wa waya. Wanda ɗansa ke King's College ko Queen's College ko Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Ijanikin yana da tsofaffin ɗalibai da ke komawa makarantar suna ba da labarin ayyukansu. Mai hali kuma yana kai 'ya'yansa baje kolin jami'o'in Ingila da Kanada da ake yi a manyan otal-otal na Ikeja da Victoria Island. Ɗan direban tirela fa? Sau da yawa babban mai ba shi shawara a kan makomarsa shi ne mai shagon kwamfutar da ya taya shi neman lambar rajista, wanda ke da layin mutane a bayansa kuma burinsa ya sallami wannan ya karɓi na gaba. Ba laifin mai shago ba ne, ba aikinsa ba ne. Amma idan aka haɗa wa yaro darussan da ba su dace da fannin da ya nema ba, ko ya ci maki mai yawa ba za a ɗauke shi ba, kuma ba lallai ne ya taɓa sanin dalili ba. Zai koma gida a ce ba shi da rabo, ko a ce ba shi da kowa a sama.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanta da ɗan Hausawan Legas, shi ne batun asalin jiha. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya kasa guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Zamfara da Kebbi duk suna cikinsu. Yankin Jami'ar Legas shi ne jihohin Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti, kuma da takardar asali ake tantance ɗan yanki, ba da wurin haihuwa ko wurin zama ba. Ke nan yaron da aka haifa a Zangon Agege, wanda kakansa ya zo fataucin goro tun zamanin da jirgin ƙasa ke ɗauke da shi zuwa Kano, idan takardarsa ta ce shi ɗan Katsina ne, ba ɗan yanki ba ne a Akoka. A Jami'ar Jihar Legas kuma akwai tantancewa ta musamman ga masu cewa su 'yan asalin jihar ne. To amma takardar nan da ba ta yi masa amfani a gefe guda, ita ce ke sa shi cikin 'yan yanki a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce kuma ke ba shi damar neman kason jihohi masu ƙarancin ci gaban ilimi a jami'o'in tarayya na Kudu, da tallafin karatu na jihar iyayensa. Wannan bayani bai fi na minti goma ba. Amma wanda bai ji shi ba zai iya cike jami'a ɗaya shekara uku a jere yana faɗuwa da tazarar maki kaɗan, alhali da makin nan nasa da ya shiga wani wuri tun shekarar farko.

Ban ce tsarin asalin jiha daidai ne ba. A ganina abin kunya ne a ce iyalin da suka yi shekara ɗari a gari, suka biya haraji, suka binne iyayensu a can, har yanzu ana ce musu baƙi, kamar yadda abin kunya ne a faɗa wa ɗan Sabon Garin Kano haka. Amma gyaran wannan aikin majalisa ne da tsarin mulki, yaron da zai cike fom a watan Fabrairu ba zai iya jira ba. Kafin a gyara doka, a sanar da shi dokar da ake da ita.

Dokokin ma ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake yin rajistar JAMB. Tun 2017 ta manhajar hukumar ake karɓar gurbi ko a ƙi shi, kuma gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. A 2025 an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, aka sa maki 150 mafi ƙaranci ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa ta sanar cewa kiredit a lissafi ya fita daga sharuɗɗan shiga fannonin adabi, bayan 'yan kwanaki kuma ta ƙara bayani cewa har yanzu dole kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar lissafin. Duk waɗannan an sanar da su da Turanci, a Abuja, a gaban 'yan jarida. Mu da muke tace labaran nan muna fassara su mun san yadda suke da wuyar warwarewa ko ga mai digiri. Sai a kwatanta da mahaifin da ya kwana uku a cikin mota yana jiran a kira lambarsa ya shiga tasha.

Har asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a watan Afrilu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati tare da ba ɗalibi naira dubu 20 duk wata, babu ruwa a kai. Wannan kalma ta ƙarshe, babu ruwa, ita ce abin da uba Musulmi zai fara tambaya, kuma amsarta na iya zama bambanci tsakanin a bar yaro ya tafi da a ce ya zo ya kama shago. Wa ya je masallacin Juma'a na Agege ya faɗe ta?

Yanzu mu dawo Apapa, inda lamarin ya fi ban takaici. Idan ka tambayi ɗalibai abin da suke so su karanta, amsar ba ta cika wuce likita, lauya, injiniya, akanta ba, domin su ne sunayen da kowa ya sani. Amma sana'ar da iyayen yaran nan ke yi da ƙarfin jiki tana da fannonin karatu da takardun shaida. Jami'ar Jihar Legas tana da makarantar nazarin sufuri da jigilar kaya. A Victoria Island akwai Kwalejin Tarayya ta Kamun Kifi da Fasahar Ruwa. Akwai makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron ta Jihar Akwa Ibom, da Jami'ar Harkokin Ruwa a Okerenkoko ta Jihar Delta. Hukumar NIMASA tana da shirin tura matasa karatun aikin jirgin ruwa tun 2008. A Arewa akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, da sabuwar Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. An buɗe tashoshin sauke kaya na tudu a Kaduna a 2018, a Dala ta Kano a 2023, a Funtuwa a 2024, dukansu kuma suna buƙatar mutanen da suka san yadda kwantena ke fita daga jirgi har ta isa hannun mai ita. Wa ya fi dacewa da wannan aiki fiye da yaron da ya tashi a Apapa, ya san tashar kamar tafin hannunsa, yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, kuma yana da dangi a Kano? Irin wannan yaro wata ƙasar nemansa za ta yi da fitila.

Haka abin yake a Agege. Mayankar Oko-Oba tana ciyar da Legas da nama, fataucin shanun kuma a hannun 'yan Arewa yake. Karatun likitan dabbobi yana nan kusa, a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta da Jami'ar Ibadan, ban da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Agege kuma ba baƙuwar ilimi ba ce: a nan Markaz ɗin Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya zauna tun shekarun 1950, ya yaye malamai da suka watsu a Afirka ta Yamma. Ɗalibin da ya bi layin Arabiyya yana da jarrabawar hukumar NBAIS da zai iya neman jami'a da ita. Mutanen da suka ɗauki ilimi da wannan daraja ba za a ce ba sa son karatu ba. Hanya ce ba a nuna musu ba.

Batun 'ya'ya mata yana da nasa nauyin. Uban da ba zai yarda 'yarsa ta tafi wata jiha ita kaɗai ba, zai iya yarda ta karanta aikin jinya ko ungozoma a wurin da za ta kwana a gida, in ya shiga wurin da ƙafarsa, ya ga ajin, ya ga masallacin, ya ga wasu 'yan mata da hijabinsu suna karatu, ya yi tambayarsa an ba shi amsa cikin mutunci. Shi ya sa na ce a gayyaci iyaye tare da yara. Ranar da aka keɓe wa ɗalibai kawai rabin aiki ce, domin ba yarinyar ce ke da ta cewa ta ƙarshe a gidan ba.

Abin da nake kira a yi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Masu tarihin ilimi suna danganta farkon ba ɗalibai shawarar sana'a a Najeriya da shekarar 1959, lokacin da malaman makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da malaman ba da shawara a makarantu. Shekara kusan hamsin ke nan. A makarantun gwamnati masu cunkoso, inda aka samu irin wannan malami, galibi za ka tarar an ɗora masa koyar da wani darasi, ɗalibai kuma ɗaruruwa.

A Amurka ma an yi fama da irin wannan. Masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun nuna a 2012 cewa akasarin yaran talakawa masu hazaƙa ba sa ma neman shiga manyan jami'o'in da makinsu ya isa su shiga. Daga baya Hoxby da Sarah Turner suka gwada aika wa irin waɗannan yara bayanin jami'o'i da ainihin kuɗin da za su biya, tare da yafe musu kuɗin fom, a kan abin da bai wuce kimanin dala shida ga kowane ɗalibi ba, sai aka ga neman shiga ya ƙaru, samun gurbi ma ya ƙaru. Najeriya ba Amurka ba ce, amma darasin ya tsallako teku: cikin duk abubuwan da ɗan talaka ya rasa, bayani ne mafi arha a samar masa.

Na san abin da za a ce. Za a ce guraben ba su isa ba, me ya sa za a ƙara tayar wa yara da buri? Gaskiya ne kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB a 2025, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma ba su kai maki 200 ba. Amma cunkoson ya fi taruwa ne a kan 'yan fannoni da 'yan jami'o'i, yayin da wasu fannonin ilimi da aikin gona da kwalejoji da dama ke neman ɗalibai. Wayar da kai na gaskiya ba ya ƙara layi a ƙofar likitanci, rage shi yake yi, domin yana faɗa wa yaro gaskiyar makinsa ya nuna masa wata ƙofar, har da Kwalejin Fasaha ta Yaba da ta kafu tun 1947, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka, da hanyar shiga aji biyu ta JUPEB ko IJMB. A shekarar 2025 ɗin nan ce kuma tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997, daga ciki 206,610 a Legas, har shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi gafara aka sake jarrabawa cikin 'yan kwanaki. A irin wannan ruɗani, wanda ke da mai yi masa bayani shi ke tsira.

Za a kuma ce ga masu digiri nan suna yawo babu aiki, gara yaro ya koyi mota. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba, kuma ban raina tuƙin mota ba, da shi aka ciyar da gidaje aka je Makka. Sai dai sana'o'in da 'yan Arewa suka dogara da su a Legas sun nuna cewa sa hannu ɗaya na iya kawar da su. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Apapa na ciki. Tun 2021 shigar tirela tasha ta koma ta manhajar waya. Tashar Lekki da aka buɗe a 2023 da na'urori ake yawancin aikinta. Uban da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan amfanin takarda.

Na uku, za a ce makarantun sakandare na jihar Legas ne, ina ruwan Abuja, kuma don me za a ware Hausawa? Ban ce a ware kowa ba. Ɗan Ibo da ke Ajegunle da ɗan Yarabawa da ke Mushin duk su zo, motar ɗaya ce. Abin da na ce shi ne gayyatar da aka liƙa a shafin intanet da Turanci ba gayyata ba ce ga kowa. Batun hurumi kuwa, ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, kuma Jami'ar Legas, da Kwalejin Yaba, da asibitin Idi-Araba, da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, da NIMASA, da Kwastam, da JAMB, dukansu na gwamnatin tarayya ne. Ba sai an nemi izinin kowa ba kafin su buɗe ƙofarsu yini ɗaya.

Ranka ya daɗe mai rubuta wa minista takarda, abin ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko kwamiti mai mutum talatin. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da takwararta ta kwalejojin fasaha za su iya umartar makarantun tarayya su keɓe yini ɗaya a shekara ga ɗaliban makarantun gwamnati da ke kewaye da su, su kuma ba da rahoton makarantun da suka halarta da sunayensu. JAMB za ta iya fitar da taƙaitaccen jadawalin fannoni da darussansu da Hausa da Yarabanci da Ibo, a rubuce da kuma a murya domin a tura ta WhatsApp. Hukumomin da ke samun kuɗin shiga a Apapa suna da kason ayyukan taimakon al'umma, kuɗin motocin da za su kwashi yara bai kai na liyafar ƙarshen shekara ɗaya ba. Ofisoshin da jihohin Arewa ke riƙe da su a Legas, waɗanda aikinsu ya fi ƙarewa a tarbar gwamna a filin jirgi, za su iya zama wurin da ɗan Agege zai ji yadda ake samun takardar asali da tallafin karatu ba tare da ya kashe kuɗin mota zuwa Katsina ba. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su ne za su kai saƙon gida-gida, in an ɗauke su abokan aiki, ba 'yan cika kujera ba. Ɗaliban Arewa da ke karatu a Akoka da Ojo da Yaba su ne za su zaga da yaran, domin yaro ya fi yarda da wanda ya yi kama da yayansa.

Apapa tana ƙarƙashin gundumar ilimi ta huɗu a tsarin jihar, Agege tana ta ɗaya, nan ne wasiƙar za ta fara sauka. Ranar kuma a sa ta a zangon karatu na biyu, kafin 'yan aji uku su zauna jarrabawar gama ƙaramar sakandare a raba su ajujuwa.